Daƙiƙa Shida a Minti na Arba'in da Ɗaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da maigidan da yara, da ƙafar nan taki da ba ta son sanyi. Mu nan lafiya lau. Inna na nan tana faɗa da maƙwabta, kin ga kuwa da sauƙi.

Kin sha tambayata wane irin aiki ne ake biyan mutum ya zauna yana kallon fim. To ga shi. Tun da na bar rumfar kaset, aikina a gidan siliman nan shi ne duk fim ɗin da aka aiko, in loda shi a na'ura da safe, in zauna ni kaɗai a zaure mai kujera ɗari biyu, in kalla tun daga farko har ƙarshe. Ba labarin nake kallo ba, aibu nake nema: inda hoto ya tsaya, inda murya ta riga baki, inda sauti ya yi tari. In babu, in sa hannu a takarda. Ni da na shekara goma sha biyar ina sayar wa mutane kaset mai ƙarce ina rantsuwa sabo ne, yau ni ne alƙalin ƙarce.

Shekaranjiya aka kawo wani fim. A minti na arba'in da ɗaya akwai tashar mota, jama'a na kai da kawo bayan jarumin. Nan hoton ya daskare, daƙiƙa shida cif. Wani mai dako ya waiwayo da buhu a kafaɗa, fuskarsa ta cika rabin allon.

Yaya, Auta ne.

Na mayar sau tara. Ga tabon gira, ga yadda yake karkata kai in an kira shi. An ɗauki fim ɗin bara waccan. Shekara goma sha ɗaya da ɓacewar ƙanin namu, muna yi masa addu'ar da ba mu san ko ta rayayye ce ko ta mamaci ba.

Ban sa hannu ba, ban kuma kai rahoto ba. Ki ba ni shawara.

Ƙaninki,
Mai Kaset

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso. Kin ce in ɗauki hoton da waya in ɓoye wa Inna, kada in tayar mata da ciwo. Hoton ba zai yiwu ba. Wayoyinmu a akwatin ofis suke wuni har mu tashi, kuma an ce kowane fayil na ɗauke da tambarin ɓoye da ke tona gidan da aka sace shi. Ban da haka, fayil ɗin a kulle yake zuwa, da makullinsa na kwamfuta mai wa'adi. Ranar da wa'adi ya cika, ko uban wa ne ba ya buɗe shi.

Ga inda gizo... a'a, bari in faɗa miki kai tsaye. In na kai rahoto, za su aiko da fayil mai lafiya, a goge wannan. A mai lafiyar kuwa Auta ba zai tsaya ba, wucewa zai yi kamar ƙiftawar ido. Lalacewar ce kaɗai ta tsayar mana da shi.

Manaja ya tambaye ni sau biyu. Na ce masa lasifikar hagu ce nake zargi, sai na ƙara saurare. Ya ce kunnena ya fiye tsegumi, amma Juma'a za a fara nunawa, in mutane suka yi ihu a zaure, ni da kujerata za mu fita tare. Bakina bai taɓa ba ni kunya ba, sai dai wannan karon da kyar ya fitar da ni.

Abin da ban taɓa gaya miki ba: ranar da Auta ya tafi, ba don kansa ya tafi ba. Ya fasa rediyon wani mai saye, na tsinka shi a gaban 'yan layi, na ce kada in ƙara ganin fuskarsa. Yanzu kowace safiya ina shiga zauren, in kashe fitila, in jira minti arba'in don ya waiwayo. Ba kyamara yake kallo ba, Yaya. Na canza kujera har sau huɗu, duk inda na zauna sai ya same ni.

Ki yi haƙuri, ba zan bi shawararki ba. Gobe zan kai Inna.

Naki,
Mai Kaset

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida mutan gidan. Allah ya sa wannan ta same ki da ƙarfin zuciya.

Na kai ta. Na ce wa mai gadi ta zo ganin inda ɗanta ke wahala ne, ya yi dariya ya buɗe mata. Ba ta taɓa shiga silima ba. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, na ce ta mayar. Na zaunar da ita a layi na biyar, ban gaya mata komai ba, na hau sama na tura fim ɗin zuwa wurin.

Ta ƙaramar tagar ɗakin na'ura ƙeyarta kawai nake gani. Hoton ya tsaya, ya sake, jarumin ya ci gaba da surutunsa. Ba ta motsa ba. Can sai ta ɗaga hannu, ba ta waiwayo ba. Na mayar. Ta sake ɗagawa. Sau bakwai muka yi haka. A na ƙarshe ta tashi ta taka har gindin allon, ta tsaya a ƙarƙashin haɓarsa, 'yar mitsitsiya da ita.

Da na sauko, ta ce in daina ɓata wa mutane lokaci, ba shi ba ne, ɗanta bai kai wannan tsufa ba.

Na raka ta gida, na dawo na rubuta rahoton da hannuna: minti arba'in da ɗaya, hoto ya daskare. Manaja ya yaba min. Sabon fayil ya iso yau, na duba, ba shi da aibu ko ɗaya. Tsohon kuma ni aka sa na goge.

Ɗazu ina ɗaura takalmi zan fito, Inna ta tsaya a ƙofar ɗakinta. Ba ta dube ni ba. Ta ce, wannan mutumin da ba shi ba, in tambayi masu fim ɗin wace tasha ce, don buhun ya yi masa nauyi.

Na rubuta musu. Ki taya mu da addu'a.

Ƙaninki,
Mai Kaset