Malam Na-Karanta Ya Sayi Talabijin

Zuwa ga Sahabi ɗan Gwaggo Hajjo, taubashina, bawana na gado,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai yake yi wa wanda ya riga shi, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai, da duk wanda ya leƙo wannan takarda, wani babban al'amari da ya auku a garin Jega ranar kasuwar da ta wuce. Na sayi talabijin.

Na hannu ne, baƙi da fari. A kan baro aka turo shi daga bakin tasha har ƙofar gida, maƙwabta suka fito suka tsaya kamar an kawo gawa. An kafa doguwar gora an ɗaura eriya a kanta. Asabe matata ta rufe shi da ƙyalle mai fure, ta ɗora kwanon goro a sama. Ran Asabar bayan magariba, daidai lokacin da a da ake sa shirinka, na yaye ƙyallen na kunna. Wani mutum ne mai tabarau yake bayani a kan rigakafin shanu. Na saurare shi har ya gama, na kashe, na mayar da ƙyallen.

Wata huɗu ke nan da muka kai ka makwancinka a Maiyama. Har yau ban yi kuka ba. Ina cin abinci, ina zuwa makaranta, ina duba littattafan ɗalibai da jan biro kamar kullum. Ana ta raɗe-raɗin za a yanke mu daga Sakkwato a ba mu tamu jiha, malaman makarantarmu har sun fara rabon muƙamai a ƙarƙashin darbejiya. Ina jinsu kamar rediyon maƙwabci.

Masu karatu ba su san mu ba, don haka ka yi haƙuri in maimaita abin da ka sani. Mahaifiyarka ƙanwar mahaifina ce. A wurinmu wannan ya sa mu taubasai, wato Allah ya halatta wa kowannenmu mutuncin ɗan'uwansa. Ka zage ni in yi dariya, in zage ka ka yi dariya, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Shekara arba'in da ɗoriya muka yi kowa na cewa ɗayan bawansa ne, ba a taɓa yanke hukunci ba. Ban tuna rana ɗaya da muka yi magana ta tsakani da Allah ba tare da mun lulluɓe ta da tsiya ba.

Tare muka shiga kwalejin horon malamai. Ni na fito da takarda mai kyau, kai ka fito da muryar kowane malami a bakinka. Shekara biyu ka yi kana koyarwa a Andarai, ka ajiye alli ka tafi birni gidan talabijin, lokacin jihar Sakkwato tana sabuwa. Da jan wayoyi ka fara, da ɗaukar fitila. Na gaya wa Gwaggo ta kwantar da hankalinta, ɗanta ya samu ci gaba: da yana koya wa yara karatu, yanzu yana riƙe wa manya igiya.

Ban ankara ba aka ce an ba ka shiri naka na kanka. Kai ne mai shiryawa, ba a ganin fuskarka, sai sunanka ya wuce a ƙarshe da sauri. A cikin awa guda kakan cusa makaɗa, da 'yan kama, da mai wasa da kura in an samu, da kacici-kacici, sannan a rufe da ɗan gajeren wasan ban dariya. 'Yan wasanka kuwa ba a makaranta ka samo su ba. Kakan zo Jega ranar kasuwa ka zauna a rumfar mahauta, ko ka tsaya a tasha kana sauraren faɗan direbobi, wanda bakinsa ya yi maka ka sa shi a mota. Haka ka ɗauki Mani mahauci da wuƙarsa a ƙugu. Kuma ba ka rubuta musu komai. Ka tara su a inuwa ka ce ga abin da ya faru, ga inda za a ƙare, kowa ya nemi hanyarsa. In sun fara, kai kana bayan kyamara ka toshe baki da hula.

Yanzu sai maganar albasa, tunda ba yadda zan yi in tsallake ta.

Baffa Ɗanjuma na Aliero, wanda kai kake kira Kawu, tun kafin a haife mu yake ajiye albasarsa a rudu, wato rumbun kara, ciyawa a sama, iska na shiga ta ƙasa. Ni kuma na karanta a wani littafin noma, wanda daga baya na lura a ƙasar sanyi aka rubuta shi, cewa albasa tana son ɗaki mai duhu a rufe. Na je har Aliero, na cire tabarau, na hura masa iska, na goge da bakin riga, na ce, "To Baffa, a bisa abin da na karanta." Ya girmama karatuna. Ya kwashe rabin albasarsa ya zuba a ɗakin ƙasa, muka liƙe taga da laka. Da bazara ta kama, mutanen unguwa ne suka fara sani kafin mu. Sai da aka rufe hanci da rawani aka buɗe ɗakin nan.

Bayan wata biyu Malam Na-Karanta ya bayyana a shirinka, kuma tun daga nan kowane mako sai ya fito. Mani mahauci ne da tabarau marar gilashi ɗaya, yana hura masa iska yana gogewa. Ban gani ba, labari aka ba ni, kuma ba mutum ɗaya ba. A lokacin akwatin kallo ɗaya ne a unguwarmu, wanda ake fitarwa fili a tayar masa da janareto, garin duk ya taru. Washegari daga mai shayi har ɗaliban ajina babu wanda ya iya haɗa ido da ni. Kafin mako ya zagayo, 'yan kamasho a tasha suna kira, "Na-Karanta, Maiyama za ka? Saura mutum guda!"

Na kai ƙara wurin Gwaggo. Ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafarta ba, ta ce, "Taubashinka na. Ka rama."

Na rama ta hanyar da na iya. Ban taɓa nuna maka fushi ba, don kada a ce na faɗi. Amma na yi wa kaina alkawari ba zan taɓa kallon shirinka ba, kuma na cika, shekara goma sha ɗaya. Duk ran Asabar in an tayar da janareto, sai in ɗauki littafi in koma ƙuryar ɗaki. Dariyar jama'a takan zo mini ta taga, in ƙara matsowa kusa da fitila. Ka san da haka. In ka zo gida kakan tambaye ni ko na ga na makon jiya, in ce ina da abin yi. Wata rana na ce maka aikin da ba shi da takarda ba aiki ba ne, ranar da ka mutu ba za a samu ko layi ɗaya da za a ce naka ne ba. Ka yi dariya har ka riƙe ciki, ka ce, "To ai kai ad da takarda."

Da ciwo ya kwantar da kai aka dawo da kai Maiyama, na zo duba ka wata Laraba da hantsi. Kana kan tabarma a zaure, rigarka ta yi maka yawa. Na ce ashe bawa ma yana samun hutu. Ka ce ubangidan da bai kawo ko lemo ba a sayar da shi. Muka yi ta yi kamar yadda muka saba. Da na tashi tafiya ka kama bakin rigata, ka ce, "Ka taho da littahi da alƙalami. Wasannin nan dut ina tune da su, in hwaɗi ka rubuta."

Na ce tawadata ta fi ƙarfin shirme, amma in an gama jarrabawa zan duba ko akwai ragowar takardar ƙunshe ƙosai. Ka yi dariya. Dole ka yi, haka dokar take. Ni kuma na ɗauka tunda ka yi dariya wasa ne. Da wace murya za ka gaya mini ba wasa ba ne, Sahabi? Ba mu da ita. Ba mu taɓa koyonta ba.

Kwana tara bayan nan aka aiko.

Bayan sadakar arba'in na shiga mota na tafi birni, na nemi mai kula da ɗakin ajiyar kasa-kasai a wurin aikinka. Dattijo ne mai kirki, ya ba ni kujera, ya yi mini ta'aziyya sau biyu. Sannan ya bayyana mini yadda aikin yake: kaset ba ya isa, in an sa shiri ya fita, sai a ɗauki wani a kansa. Ba a kanka aka fara ba. Ya ciro guda ya nuna mini, da rubutun hannunka a jiki an soke shi da layi, an rubuta wani abu a ƙasa. Ya sa mini. Bayanin takin zamani ne daga farko har kusan ƙarshe. Da mai bayanin ya yi sallama, hoto ya yi rawa, sai ga Mani yana goge tabarau, daga can bayan kyamara kuma wani ya kasa riƙe dariya. Taka ce. Ko numfashi uku ba a yi ba kaset ya ƙare.

Dattijon ya tambaya ko a maimaita. Na ce a'a, na gode, kada in rasa motar Jega.

Maganata ta tabbata ke nan, ba a samu ko layi ɗaya ba. Na daɗe ina son in ci ka a gardama, ga shi na ci, ba kowa a wurin.

Sai na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri na fara yawo. Na je tashar Aliero wurin direban da yake fitowa a matsayin surukin da ba ya tafiya. Na je ƙauyen Giwa Tazo wurin wata tsohuwa da aka ce ta haddace wasan rabon gadon jaki, ta kuwa yi mini shi da muryoyi huɗu tana sussukar gero. Ba mutum biyu da suka ba ni wasa ɗaya iri ɗaya. Wannan ya ce akuya ce ta faɗa rijiya, wancan ya rantse tunkiya ce, har su nemi su yi faɗa a gabana. Ina rubuta duka biyun. Zuwa yanzu ina da ashirin da uku, wasu ba kai, wasu ba ƙafa.

Mani na bari a ƙarshe, ka san dalili. Na same shi a rumfarsa yana sara ƙashi. Da ya ga littafi a hannuna ya ajiye gatari ya goge hannu. Na ce ya ba ni wasan albasa daga farko. Kafin in rufe baki, ashe na cire tabarau ina hura masa iska. Rumfar mahauta duk ta kwashe, har mai jiran tsire ya zauna a ƙasa. Na tsaya da tabarau a hannu na jira su gama.

Ya ba ni wasan. Albasa ta ruɓe, an kori Malam Na-Karanta da tsintsiya, ya ɓuya a bayan buhunan gero. Na ja layi zan rufe littafi, Mani ya ce, "Malam, ba a ƙare ba." Wai bayan an kore shi sai ga tsohuwa ta shigo da wasiƙar ɗanta da ya tafi ci-rani kudu, an rasa mai karanta mata. Sai waɗanda suka kore shi su bi shi bayan buhuna suna ba shi haƙuri. Ya fito ya kakkaɓe riga, ya karanta mata a hankali, inda labarin ba daɗi ya sassauta murya. Na ce a wannan wasan kaɗai? Ya dube ni kamar na tambaye shi ko nama daga jikin dabba yake. Ya ce kowane wasa haka yake ƙarewa, yau wasiƙa, gobe takardar asibiti, jibi sammacin kotu. Ya ce tun ranar farko ka ja shi gefe ka ce, "Kak ka maishe shi wawa. In ba shi, garin ga ba mai karanta muna komi."

Shekara goma sha ɗaya garin nan yana kallon wannan ƙarshen duk mako, ba wanda ya gaya mini, don kowa ya ɗauka na sani. Ni kuwa a daidai lokacin ina ƙuryar ɗaki, na juya wa taga baya, ina karatu.

Na rubuta abin da ya faɗa. Na sayi rabin kilo na hanta don kada in tafi haka nan, na dawo gida, Asabe ta soya, muka ci. Washegari na je na ɗauko talabijin ɗin nan. Ban san me nake jira ya nuna mini ba.

Gwaggo tana nan da sauƙi, sai dai ta daina tambayar ranar mako. Baffa Ɗanjuma ya gaishe ka, wai ka ajiye masa wuri nesa da ni. Albasarsa ta bana tana rudu.

Allah ya jiƙanka, ɗan Gwaggo. Allah ya yalwata maka kabari, ya sa dariyar da ka sa bayinsa a ranakun da ba su da dalilin yin ta ta zama nauyi a mizaninka. Allah ya haɗa mu a inda za mu iya magana ba tare da wasa ba, ko sau ɗaya ne.

Ranar Larabar nan da ka kama mini riga, ya kamata in zauna. Na yi kuskure, Sahabi.

Bawanka,
Malam Na-Karanta,
Jega.