Sakwarar da Kaka ta daka

Laraba da dare, Jikwoyi

Kaka ta zo daga Paikon Kore da doyar gonarta. Duk da ciwon kafaɗarta, da kanta ta daka min sakwara. Ni kuwa ina bin jadawalin abincin da na tsara saboda tseren makaranta, sai na ce, "Kaka, yau ranar wake da ganye ce."

Ta rufe kwanon. "To 'yar boko, yanzu takarda ke ciyar da ke?"

Ta yi dariya, amma ko loma ba ta ci ba har ta tafi.

A littattafan soyayya bin mutum ake yi a ba shi haƙuri. Ni kunya ta kafe ni a bakin ƙofa. Ba ta da waya, kuma Umma ta ce sai bayan damina za ta sake zuwa.