Bencin da Ke Rangaji

Zuwa gare ki, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon fari,

Yau kwana shida ban ji muryarki ba. Gobe Lahadi fasto zai karanta sanarwar aurenmu karo na uku, ya tambaya ko akwai mai ja. Abar ƙaunata, Babanki zai miƙe ya ja?

Kin tuna ranar da kika kai ni cocin ƙauyenku? Kika nuna min bangon da kakanninku suka ɗora da hannunsu, da ƙararrawar da ta tsage tun ba a haife ki ba, amma har yau ita ke kiran jama'a sujada. Kika ce a nan kowane ango shi ke ƙera bencin da zai zauna da amaryarsa ranar ɗaurin aure, bencin kuma ya zama nasu har mutuwa. Kina magana hasken taga na kwance a kumatunki kamar hantsi a kan ruwa, ni kuwa, kafinta mai rawar kai, idona na kan wani benci a layi na uku da ke rangaji, ƙafa ɗaya ta gaza sauran.

Washegari na koma da kayan aiki ban shawarci kowa ba. Na cire gajeriyar ƙafar, na sa sabuwa, har ina yaba kaina, wai ga surukin kirki. Ina zan san bencin Baba ne? Ina zan san shi ya ƙera shi yana saurayi, ko zarto bai iya riƙewa ba, marigayiya Mama kuma shekara talatin tana naɗe hankicinta tana cusawa a ƙarƙashin ƙafar, tana yi masa dariya? Yayarki ta ce Lahadin da ta wuce ya zauna, ya jira bencin ya karkata, bai karkata ba. Ya tashi ya fita tun ba a gama waƙar farko ba.

Kaicona! Na je neman suna na taɓa wa dattijo ciwonsa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Allah ya sa ban yar da tsohuwar ƙafar ba. Yau da safe na mayar da ita, da ƙusoshinta na da. Na zauna, ya karkata. Ki roƙar min shi, farin watana. Ba na neman ya yi min murmushi, ya dai zauna lokacin da fasto zai yi tambayar.

Namu bencin na gama shi. In Baba ya miƙe, bencin zai tsufa a shagona, babu macen da za ta zauna a kansa. In bai miƙe ba, ki taho da hankicinki, domin na datse ƙafa ɗaya da faɗin yatsa.

Naki, gobe da bayan gobe, har ƙararrawar nan ta buga min ta ƙarshe,
Kafintanki