Hancin da Huda Ta Zaɓa

Adjamé Saint-Michel, Laraba

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya kasuwar Treichville? Na rubuto takarda da Hausa ne saboda wayarki kullum tana hannun Huda, ita kuwa Faransanci kaɗai take karantawa.

Barka da arziki, kin yi 'ya mai wayewa! Mu da hancin da muka zo da shi muke ta fama, ita har ta samo likitan da zai nuna mata sabo a kwamfuta kafin ya taɓa wuƙa. Ko atamfa ba a ba ka ka ɗinka kafin ka saya.

Jiya ta zo shagona da hoton. Ashe da likita ya ce ta kawo irin hancin da take so, tsohon hotona ta kai masa, wai na Tanti Murja ya fi tsari. Ya ɗora mata shi a fuska. Yaya, ni ce ina shekara ashirin. Mai shagon kusa da ni ta leƙo ta ce, "Hajiya, wannan a ina kika ɗauka?" Huda ta yi dariya. Da ta sake duban hoton, ta dube ni, dariyar ta tsaya.

Hancin ubanta ne kaɗai ya rufa mana asiri shekara ashirin da biyu. Litinin za a cire shi.

Ƙanwarki,
Murja

Arras, Treichville, Alhamis

Murja,

Wa'alaikumussalam. Ki daina wannan ba'ar, ba na so. 'Ya takan yi kama da ƙanwar uwarta, ba yau aka fara ba. Ubanta ya gudu, ke kina kwance asibiti ba a san ko za ki tashi ba, ni na ɗauke ta. Da kika warke ke kika ce in riƙe, kika rantse ba za ki taɓa faɗa mata ba.

Na hana ta aikin, ta ƙi ji. Takardar likita ma mun cika tare. Ya tambayi ko uwa tana da matsalar zubar jini, na ce babu, don ba ni da ita. Ki zauna a shagonki ranar Litinin.

Allah ya shirya.
Hajara

Adjamé, Juma'a

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki sau uku.

Amsa mai kyau kika bayar, ba ƙarya a ciki. Sai dai uwar wa aka tambaya? Kin manta abin da ya kwantar da ni? Leda biyar ta jini aka ƙara mini ranar da na haife ta. Haƙori aka cire mini bara, sai da na kwana biyu ina tofar da jini. Ita ma kin sha gaya mini haɓonta ba ya tsayawa da wuri, kika ce zafin gari ne.

Kwamfutarsa ta nuna masa hanci daga gaba, daga gefe, har daga ƙasa. Jini ne ba ta nuna masa ba. Wannan mu biyu kaɗai muka sani.

Rantsuwata a kan bakina na yi ta, ba a kan ranta ba. Ina jiran amsarki.

Murja

Adjamé, Lahadi

Yaya Hajara,

Sallama. Shiru ba amsa. Jiya na hau tasin woro-woro na je asibitin, na karɓo sabuwar takarda. Na cika komai, har da ledoji biyar. Layi ɗaya na bari, inda aka ce sunan uwa.

Ga ta nan cikin ambulan, da biro. Gobe ƙarfe takwas za su shiga da ita, ni ƙarfe bakwai ina bakin ƙofa.

Sunan wa za ki rubuta?

Murja