Gyaɗar da Aka Ware

Madarumfa, farkon kaka

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina gajiya, yaya zaman Kano? Mu nan lafiya lau. Inna na sa maka albarka, ƴarka Mardiyya kuma ta fara tatata.

Ga albishir: wani kamfanin Maraɗi mai yin abincin yara ya yarda zai riƙa sayen gyaɗar koferatib ɗinmu, wato ƙungiyarmu ta mata manoma. Ya turo wata Madam Hadiza tana koya mana abin da take kira kalite, wato inganci. Ta ce ingancin kaya ba aikin mai awo kaɗai ba ne, daga mai tono har mai ɗinke buhu kowa da hakki a wuyansa. Duk wadda ta ga aibi ta tsai da aiki nan take, ko gyaɗar ta wace ce. Kuma wai ba a tambayar wa ya yi, sai dai me ya jawo. Na yi dariya a zuci, na ce baiwar Allah ba ta san garinmu ba.

Taka,
Tani

Madarumfa, ƙarshen kaka

Maigida,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni kam jiki lafiya, zuciya ce babu daɗi.

Ranar tsinta, buhunan Inna suka faɗo hannuna. Ta tara gyaɗar tun ba ta gama bushewa ba, don gudun awaki. Ina ɓarewa na ga hunhuna kore-kore, irin wanda Madam ta ce yana cin hantar yaro a hankali. Buhu guda ya isa a dawo mana da lodin duka, mata su rasa kasuwa. Na ɗaga hannu, aka tsai da aiki.

Madam ta yi ta bayani kan yadda ake shanya, ba ta kama sunan kowa ba. Aikin banza. Abin da gari ya ji shi ne matar ɗa ta kunyata uwar miji a bainar jama'a. Lodi ya wuce, kamfani ya yaba, Inna kuwa ta daina amsa gaisuwata.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Duk karatun nan, ba wanda ya faɗa mana inda za a kai gyaɗar da aka ware. Inna ta kwaso tata a amalanke, ta ce ba a zubar da abincin Allah. Da ita take dama kunu. Kowace safiya takan ɗora Mardiyya a cinya ta ba ta, tana yi mata wasa, don wallahi tana son jikarta. Na roƙe ta, ta ce na ci mutuncinta a waje, ba zan ci a ɗakinta ba.

Tsoro nake ji, Maigida. Kai ne ɗanta, taka kaɗai za ta ji. Don Allah ka kira ta, ko ka taho. Yau ma yarinyar ta shanye, har tana miƙa hannu a ƙara mata.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Tani