Na Auna Sirrin Kakata da Sikelin Makaranta

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku kai ƙarshe. Duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina, shawara nake nema.

Ni haifaffiyar Makka ce, iyayena ma nan aka haife su. Ina shekarar ƙarshe a wata ƙaramar kwalejin mata, irin wadda sai an sa ki ɗanɗana tarihi da adabi da lissafi kafin a bar ki ki tsaya kan fanninki. Ni Bayoloji na zaɓa, ilimin halittu, kuma ba kowa ya sa min son shi ba sai kakata. Kaka tana haɗa wani man shafawa na faso da gyambo. Duk wanda ya taɓa ganin ƙafar alhaji bayan kwana goma yana zirga-zirga tsakanin masauki da Harami ya san abin da nake nufi. Tun muna unguwar Nakkasa, kafin rusau ya dawo da mu unguwar Rusaifa, mata ba sa rabuwa da ƙofarmu saboda man nan. Kakarta ce ta zo da haɗin daga Kano, a ƙafa, kuma yana da ƙa'ida: ba a rubuta shi, kuma mace ɗaya ake gaya wa, ita ma sai ta tsufa ta gaya wa ɗaya. Kaka ta gaya wa Goggo, ƙanwar babana, wadda tun rasuwar mijinta take zaune da mu tana yi mata daka da tankaɗe. Ni kuwa in na tambaya sai ta ce, "Ke da kike feɗe kwaɗi a makaranta, me ya haɗa ki da man tsofaffi?"

Da aka zo binciken kammala karatu aka ce mu haɗu biyu-biyu. Ban ko yi tunani ba na ɗauki ƙawata, zan kira ta Rahma duk da ba sunanta ba ne. Tun shekarar farko benci ɗaya muke, madubin duba ƙwayoyin cuta ɗaya, abinci kwano ɗaya. 'Yar unguwar Hindawiyya ce, ita ma jikar Hausawa, sai dai Hausarta duk a karye, kullum ina tsokanarta. Ni na kawo shawarar mu gwada man Kaka a kan ƙwayoyin cutar da ke sa ciwo ya ruɓe. Malamarmu ta ji daɗi, amma ta ce sai mun rubuta abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya da nauyin kowanne, in ba haka ba wannan labarin tsofaffi ne, ba kimiyya ba. Na je na lallaɓa Kaka, na matsa mata ƙafa, na yi mata shayi da na'ana. Ta ce, "Ɗauki kwalba guda ki gwada duk gwajin da kike so. Amma abin da ke ciki ba naki ba ne tukuna."

A nan ya kamata in tsaya, ko? Ban tsaya ba. Kaka ranar Alhamis take haɗi bayan la'asar, ta kulle ƙofa daga ita sai Goggo. Kayan haɗin suna cikin gwangwanaye tara a ƙarƙashin gadonta. Sai na aro ƙaramin sikelin ɗakin gwaji, wanda ko ƙwayar gero kika ɗora sai ya nuna. Ranar da safe in sun fita sai in auna kowane gwangwani, washegari in sake aunawa, abin da ya ragu shi ta zuba. Sau uku na yi haka don in tabbatar, kamar yadda aka koya mana. Sauran kuma kunne da hanci suka ba ni, don ɗakina yana jikin nata, ina jin abin da aka fara dakawa da abin da aka narkar a ƙarshe. Akwai wani ƙullin tsumma da ban san ko mene ne ba, na tsakura na kai makaranta muka gano shi. Ba zan faɗi sunansa a nan ba, na koyi hankali. Wallahi a lokacin ban ji kamar ɓarauniya ba, ji nake ni mai wayo ce.

Ranar da muka buɗe farantan da muke renon ƙwayoyin cutar, muka ga fili fes ya zagaye inda muka ɗiga man, babu ƙwaya ko ɗaya da ta iya matsowa, sai da na yi hawaye. Rahma ta rungume ni tana taya ni murna da Larabci gauraye da Hausa, "Mabruk ya habibti, kakarki daktora ce!" Niyyata ranar bikin kammalawa in gaya wa Kaka cewa kimiyya ma ta sara mata. Littafin da na rubuta haɗin kuwa tare muke riƙe shi da Rahma, yau a jakata gobe a tata, har yadda na samo haɗin na gaya mata. Wa zai ɓoye wa abokiyar aikinsa littafin aiki?

Bayan wata huɗu wata Hajiya 'yar Nijar da ta daɗe tana sayen man ta yi sallama, muna zaune a falo. Ta fito da wata kwalba mai kyalli da rubutun Larabci, ta ce 'yarta ce ta saya mata ta waya, "Hajiya, ashe kin buɗe kamfani ba ki gaya mana ba?" Kaka ta buɗe, ta shinshina, ta lakata ta murza a bayan hannunta. Ni kuma idona ya sauka a kan takardar jikin kwalbar, sai ga hoton farantinmu, wanda ni na ɗauka da wayata. Baƙuwa na fita Kaka ta juya wajen Goggo ta ce, "Wannan hannuna ne, ko ƙwaya ba a rage ba. Mu biyu muka sani a duniya, ni kuma ban faɗa ba." Goggo ta dafe ƙirji ta ce, "Inna, ni? Shekara ashirin ina daka miki, yau ni ce?" Kaka ta ce, "Halas, magana ta ƙare. Tashi ki ba ni wuri." Ina zaune a wurin, kofin shayi a hannuna, ina kallo Goggo ta ɗauki laifina. A ranar Goggo ta kwashe kayanta ta koma gidan ɗanta, ni na riƙe mata jaka har bakin mota, tana kuka tana ce min in kula da maganin hawan jinin Kaka.

Washegari na tare Rahma a bayan ɗakin gwaji. Na zaci za ta musa, ko ta sunkuyar da kai. Ko gezau. Ta ce yayanta ne ke sayarwa, ita ta ba shi, kuma me ye a ciki? "Ilimi ne ya ukti, 'yar'uwata, ba gadon gidanku ba. Mutane suna amfana." Na ce Rahma, amana fa na ba ki. Sai ta yi wata 'yar dariya, ta ce da karyayyiyar Hausarta, "Amana? Ke wa ya ba ki? Ni a littafi na gani, ke a ƙarƙashin gado kika sata. In kin ɗaga murya wallahi ni zan je Rusaifa in gaya wa kakarki da bakina." Yarinyar da na kwana biyu a asibiti ina jinyarta! Yarinyar da mahaifiyata ke zuba wa tuwo a kula ta ce a kai mata! Har yau in na tuna dariyar nan zuciyata tafasa take, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne gaskiya ta faɗa. Haka muke shiga aji, mu tsaya a benci ɗaya muna wanke faranti, sunana da nata a jere a kan aiki ɗaya.

Yau wata biyu Kaka ba ta ɗaga wayar Goggo. Dangi sun rabu, wasu har sun daina gaishe ta a wurin biki. Shekaranjiya Goggo ta aiko cewa ta gaji, a haɗu a Harami bayan sallar Juma'a ta kalli Ka'aba ta rantse. Kaka ta yarda, ta ce ba Goggo kaɗai ba, har mahaifiyata da matar yayana, duk macen da ke shiga ɗakinta sai ta rantse. In kowa ya rantse, ita kuma za ta ɗaga hannu a wurin ta bar wanda ya yi mata wannan da Allah, ba yafiya duniya da lahira. Na ce, "Kaka, ni fa?" Ta shafa kaina ta ce, "Ke kin tambaya na hana, kika haƙura. Ke dai za ki tura ni a keken guragu, ƙafata ba za ta kai ni Harami ba."

Juma'a saura kwana uku. In na yi shiru, hannuna na kan kekenta za ta yi wannan addu'ar. In na faɗa, Goggo ta wanku, amma ban san ko zuciyar tsohuwar nan za ta ɗauka ba, ban kuma san da wane ido Goggo za ta kalli wadda ta riƙe mata jaka ba. Don Allah ku gaya min, me zan yi?