Gaisuwar da ta ja mini asarar littafi

Yaya Balki,

Ina gajiya, ina zaman Kwatano? Yaya maigida da yara? Mu nan Filinge lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Gidan radiyonmu ya sa gasa: a karanta labari daga wani littafin gajerun labarai, a yi tambaya, wanda ya fara amsawa ya ci littafin. Muna sussuka da Hadiza, ɗiyar Baba Illa, sai aka yi tambayar, na faɗa mata amsar, na kira. Da aka ɗauka, na ga rashin tarbiyya ne in fara magana ba gaisuwa. Na gaida mai shirin, na gaida danginmu na garin Abala, na gaishe ki, har Hadizar na gaida. Kiredin wayata ya ƙare. Hadiza ta jawo wayarta ta kira, ko sallama babu, ta faɗi amsata.

Yanzu littafin yana cikin kwabarta tsakanin kwanoni, ko ledarsa ba ta cire ba. Na nemi aro, ta ce zan ɓata shi.

Ki sa ni cikin addu'a, raina bai huce ba. Ki gaida mutanen gida da kanki, ni na gama gaisuwar bana.

Ƙanwarki,
Rabi